Jitar Tijjani da Fuskar da Na Goge

Shekara ashirin ke nan a wannan watan da muka kai Tijjani makwancinsa, a wani ƙauye da ke bayan Garo cikin ƙasar Kabo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin mutanen gidansu suna nan da ransu, ni kuma ba faɗa na fito nema ba. Masu karatu ba su san shi ba. Bai yi faifai ba, ba a taɓa jin kiɗansa a rediyo ba, ko kaset ɗaya bai bari ba. Malamin gona ne mai kaɗa jita, abokina tun muna aji ɗaya a sakandare. Ni ne mutumin da ya zana fuskarsa bayan ya rasu, kuma ni ne na goge ta da hannuna kafin 'yarsa tilo ta gani. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ni malamin zane ne a wata sakandare a Gwarzo, yanzu ritaya nake hange. A zamanin tsuke bakin aljihu, wanda muke ce wa ostariti, albashi ya daina kai mu ko tsakiyar wata, sai na riƙa sauka bakin tasha bayan an tashi daga makaranta ina yi wa motocin katako zane. Zaki, mikiya, ɗan dambe, dawisu, duk abin da mai mota ya ce. Wani tsohon mai fenti ne ya koya min sirrin aikin, kuma darasinsa na farko shi ne na ƙarshe: kada ka kuskura ka ɗora fenti a kan fenti sai ka bi na ƙasan da samfefa, in ba haka ba damina ɗaya zai ɓare. Ya nanata min wannan har ya bar kaina ya koma hannuna.

Jitar asalinta ta wani malami ce ɗan Ghana da ya koyar da mu lissafi. Da zai koma ƙasarsu ya miƙa wa Tijjani ita, don shi kaɗai ne a ajinmu yake zama bakin ƙofarsa yana saurare har a kira la'asar. Ja ce, irin mai aiki da lantarki, kuma tun a lokacin ta kwana biyu a duniya. Ba ta da ƙoƙo kamar garaya, katako ne zalla, in ba a jona ta da lasifika ba kukan sauro ya fi ta ƙara. Wuta kuwa a Gwarzo sai an ga dama. Wani mai gyaran rediyo ne ya haɗa masa lasifika daga tsohuwar rediyo, direbobi kuma suna ara masa batirin mota. Da ostariti ya yi tsanani tsirkiya ta ɓace a kasuwa, sai ya koma warware wayar birkin keke yana ɗaurawa. Da wannan wayar yake sa jitar Bature ta yi kiɗan noma, har tsofaffi masu wucewa su tsaya su leƙo suna neman mai garayar.

Tijjani bahago ne, amma in ba wanda ya san shi ciki da bai ba, ba mai ganewa. Tun yana ƙarami mahaifiyarsa ta bi bayan hannun nan da ludayi har ya koma ci da dama, rubutu da dama, miƙo da dama. Jita ce kaɗai ta ƙi bin umarni. Juya ta yake yi, wuyanta ya kalli dama, hannun hagu ya yi kiɗan. Malamin ɗan Ghana ya yi ya yi ya gyara masa riƙo, daga baya ya haƙura ya ce ya ci gaba da abinsa.

Matsalar ita ce gidan da ya fito. Mahaifinsa mai unguwa ne, gidan rawani da zaure biyu, kuma a wajensu mai kiɗa maroƙi ne, da takardar makaranta ko babu. Hotuna biyu da aka taɓa ɗaukarsa shi kaɗai, duka yana rungume da jita, sun faɗa hannun tsohon, ya sa aka jefa su a murhu. Tun daga nan jitar ba ta sake kwana a ƙauyen ba. A ɗakina take zama a Gwarzo, rataye a bayan ƙofa. Matarsa ma har ya rasu ba ta taɓa ganin ya riƙe ta ba.

Jikin jitar duk ya koɗe. Inda hannunsa yake gogawa jan fentin ya tafi, inda farcensa yake sauka ya yi zane-zane, bayan wuyan kuma, inda babban yatsansa yake zama, katakon ya yi baƙi ya yi santsi har ya ɗan lotsa. Ni kuwa mai fenti ne, idona ba ya shiri da tabo. Na sha roƙonsa ya ba ni ita kwana biyu in dawo masa da ita sabuwa fil.

"Isiya," ya ce min wata rana, "kai duk abin da ka gani sai ka shafe. Bar min abata haka. In ma ka matsa wata rana, kada fenti ya taɓa wuyan nan, riƙe hannu yake yi."

Dariya na yi, na ce masa baƙauye.

Da aka zo rage ma'aikata sunansa yana ciki. Ya koma ƙauye ya kama fartanya, amma duk ranar kasuwar Gwarzo zai hawo keke ya zo ɗakina, ya yi kiɗa tsakanin azahar da la'asar, ya rataye ta ya koma. A daminar da ta biyo baya shawara ta kama shi. Asibitin da aka kai shi likita yana nan, gado yana nan, magani ne babu, takarda ake rubuta maka ka tafi nema. Kafin a samo abin da aka rubuta daga Kano, ya cika. Ya bar mace ɗaya da jaririya 'yar wata bakwai, Safiya.

Ranar rabon gado na naɗe jitar cikin bargo na ɗaure a bayan keke na kai ta, domin ba tawa ba ce, kuma akwai marainiya a gidan. An shimfiɗa tabarmi a zaure, an fito da kekensa da rediyo da riguna, an ambaci gona da tumaki. Na kwance bargon na ajiye ta a gefe. Malamin da yake rabon ya dube ta, ya kau da kai, ya ce abin kiɗa ba ya shiga gado. Yayan Tijjani, Alhaji Sani, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Malam Isiya, don girman Allah ka fitar mana da abin nan kafin Baba ya fito. Ka ƙona, ka yar, ka yi yadda ka ga dama. Mu ba mu san ta ba."

Ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ne da ya rasa ƙani, yana gudun kada a ƙara wa tsoho wani ciwon a kan wanda yake ciki. Na mayar da ita cikin bargon, na dawo Gwarzo ina hawaye a kan keke, masu dawowa daga gona suna kallona.

Bayan sadakar arba'in na rasa inda zan sa kaina. Ba ni da hotonsa, guda ɗaya da muka ɗauka tare gara ta cinye shi a akwati. Na ji tsoron kada fuskarsa ta sulluɓe min, sai na yi abin da na iya. Na kwance tsirkiyoyin, na ɗauko samfefa na goge jikin jitar tas, yadda nake yi wa ƙyauren mota. Sai da na gama na lura na share duk wuraren da hannunsa ya ci. Na lallashi kaina da cewa abin da zan ɗora ya fi wanda na cire. Wuyan ne kawai ban taɓa ba, saboda maganarsa.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gindin mangwaron bayan gida ina zanen. Na sa shi a faffaɗan wurin da ke ƙasan tsirkiyoyi: wushiryarsa, tabon da ya raba masa gira tun faɗuwar da ya yi daga kan jaki, hularsa a karkace, da idon nan na hagu da yake ƙanƙancewa in zai yi tsokana. Na zagaye shi da zangarniyar gero da furanni irin na bayan mota, don su na iya, sannan na mayar masa da wayoyin birkinsa. Ban taɓa yin aiki kamarsa ba, kafin nan ko bayan nan. Wani direba ya shigo nemana, ya gan ta a bango, ya yi salati ya ja da baya. Ya ce wallahi ya ɗauka mutumin zai yi magana.

Shekara goma sha huɗu tana rataye a ɗakina. Matar Tijjani ta gama takaba ta yi aure can wajen Katsina, Safiya kuma ta tashi a hannun Alhaji Sani. Kullum ina ce wa kaina wata rana zan kira yarinyar ta ga ubanta. Daga Gwarzo zuwa ƙauyensu ba wata tafiya ba ce, mai keke yana zuwa ya dawo kafin azahar. Ban je ba. Da farko na ce ta yi ƙanƙanta. Daga baya na ce kada in tayar wa gidan da tsohon ciwo. Kullum da dalilina, kuma yau da na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya, duk tsoro ne.

Sai Shari'a ta zo. Ina so a fahimce ni a nan. Ina cikin waɗanda suka yi murna, na bi ayari zuwa Kano, na yi kabbara har muryata ta dishe, kuma har yau ban yi nadamar wannan ba. A tasha aiki ya buɗe min ta wata fuskar. Masu motoci suka riƙa zuwa a shafe musu ɗan dambe da zaki, a sa masallaci da furanni. Da hannuna na riƙa shafe zanen da na yi da hannuna, mota bayan mota. Wa'azi ya yi yawa a kan kiɗa da masu zana abu mai rai, ana ta raɗe-raɗin za a bi gida-gida. Ba a bi ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ba wanda ya aiko, ko kallon banza ba wanda ya yi min. Ni kaɗai na zauna na tsorata kaina: malamin makaranta, ga jita a ɗaki, ga fuskar mamaci a jikinta.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sauke ta na zagaya bayan gida. Niyyata in rufe fuskar da koren fenti, shafi ɗaya, yadda wata rana za a iya wankewa a same ta a ƙasa. Wallahi niyyata ke nan. Amma hannu ya riga ni. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba ya ɗora fenti sai ya goge, ban ma san lokacin da na ɗauki samfefar ba. Kaina yana kan huɗubar da na ji, hannuna yana aikin da ya saba. Da na farga wushiryar ta tafi, idanun sun tafi, sai gari mai launi a kan wandona.

Maiɗakina, Indo, ta fito kwashe shanya ta tsaya a kaina.

"Malam, wa ya aiko ka?"

Na ce ba kowa.

"To ai da ka bari yarinyar ta gani tukuna."

Ta kwashi kayanta ta shige, ni kuma na ƙarasa gugar na shafa koren fentin. Shekara shida ke nan maganar nan ba ta bar kunnena ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, malamai sun fi ni sanin hukuncin zane, wataƙila ma da na tambaya za a ce min shafewar daidai ce. Laifina daban ne. Amana aka bar min, mai ita tana nan da ranta, 'yar shekara goma sha biyar, ban ba ta ko kallo ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me Tijjani zai ce da ya ga yau. Samari a Kano suna shiga ɗaki da fiyano da kwamfuta su fito da waƙa kafin la'asar, ba aron batir, ba wayar birki. Har da 'ya'yan manyan gidaje a ciki, sai dai da sunan aro kada a ji a gida, wannan kam zai ba shi dariya, zai ce ashe har yanzu muna nan inda ya bar mu. Zai karkatar da kai ya saurari kiɗan nasu, ya ce injin ba ya kuskure, shi ya sa ba ya shiga jiki. Game da Shari'a ba na jin zai yi gardama da kowa, mutum ne da ko yana tsakiyar kiɗa ya ji kiran salla zai kife jitar ya nemi buta. Ni ne zai tsare da idon nan na hagu. Ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai ce, Isiya, ban gaya maka ba?

A farkon bana, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama a gidana. Budurwa ce doguwa cikin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gai da Indo, aka tambayi mutanen gida, aka tambayi hanya, aka kawo ruwa ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta ce ita ce Safiya 'yar Tijjani. Tana koyon aikin jinya a Kano, kuma wani tsohon direba da take wanke wa ciwo ya tambaye ta 'yar wane gida ce. Da ta faɗa sai ya tashi zaune.

"Ya ce in zo Gwarzo wajen Malam Isiya mai fenti, fuskar mahaifina tana nan a jikin jita. Baba, ban taɓa ganinsa ba ko a hoto. Ko sau ɗaya ne a nuna min."

Na shiga ɗaki na jawo jitar daga ƙarƙashin gado, koriya shar, ba komai a jikinta. Na ajiye a gabanta na gaya mata abin da na yi, ban rage ba, ban ɗora wa kowa ba. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ci min rai. Ta sa tafin hannu ta shafa koren fentin a hankali.

"Ba za a iya wankewa ba, Baba?"

"Ba komai a ƙasa, 'yata. Na goge."

"Sake zanawa fa?"

Na gaya mata na gwada, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ina tuna wushiryar, ina tuna tabon, amma in na haɗa su abin da yake fitowa ɗan damben bayan mota ne sanye da hular Tijjani. Fuskar da nake tsoron kada ta sulluɓe min ta daɗe da sulluɓewa, domin tun da na ajiye ta a jikin katako na daina riƙe ta a kaina.

Sai ta ce ko za ta iya riƙewa. Na miƙa mata yadda kowa yake riƙe jita, wuya a hagu. Ta ɗora a cinya, ta muskuta, ta ji bai yi mata ba, sai ta juya ta wuyan ya koma dama. Hannunta ya zagaya bayan wuyan, babban yatsanta ya sauka a cikin baƙin gurbin nan kamar an auna. Ta sa hannun hagu ta ja waya ɗaya, ta yi ɗan kukan nan nata na sauro.

Indo ce ta fara salati. Safiya ta firgita ta janye hannu da sauri, ta ce a yi mata haƙuri, ita bahaguwa ce, wani lokacin takan manta.

"A gida kullum cewa ake ba a san inda na kwaso shi ba. Kakata cewa take kaf danginmu ba bahago."

Kakar nan tata ita ce mai ludayin. Na ce wa Safiya ta mayar da hannunta inda yake. Na gaya mata wanda ya haƙa gurbin, da shekarun da ya yi yana haƙa shi, da yadda aka raba shi da hagunsa a wajen ci da rubutu da gaisuwa, aka kasa raba shi da ita a nan. Ta daɗe tana kallon yatsanta. A nan ne hawayen suka zo, ba sauti, suna ɗiga a kan koren fentin.

"Ashe ba ni kaɗai ba ce," ta ce.

Da za ta tafi na ba ta labarin ranar rabon gado, don kada ta ji a bakin wani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "An ce ba ta shiga gado. To ni na karɓa, Baba." Indo ta ɗauko bargon da na kai ta ƙauye a ciki shekara ashirin da suka wuce, muka naɗe mata. Ban tambaye ta inda za ta ajiye ba, ban kuma tambaye ta abin da Alhaji Sani zai ce ba.

In na auna abin da ya rage na Tijjani, ba shi da yawa. Kiɗan ya tafi tare da tsofaffin da suka ji shi. Fuskar ba za ta dawo ba, Safiya za ta rayu ta haifi 'ya'ya ba ta san yadda ubanta yake murmushi ba, kuma ni na jawo. Ta ce ta yafe min, ni ne ban gama da kaina ba. Sau biyu na ɗauki samfefa a kan jitar nan, na farko don ƙauna, na biyu don tsoro, kuma duka biyun abu ɗaya suka yi, sun share shi. Abin da ya kai ga 'yarsa shi ne ɗan wurin da ya hana ni taɓawa, wanda bai fi faɗin yatsa ba. Duk wanda yake riƙe da wani abu na maraya, ko takarda ce ko labari, ina roƙonsa ya kai masa a wannan makon, kada ya jira irin ranar da na jira.

Allah Ya jiƙan Tijjani, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yafe min nawa, Ya raya abin da ya bari. Na raka Safiya har bakin titi inda ake shiga motar Kano. Ranar kasuwa ce, ga jama'a, ga dattawa a zaune gindin bishiya suna kallo. Ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin da hannun hagu. Na tsaya ina jira in ga ta tuna ta mayar dama, yadda aka koya mata, yadda aka koya wa ubanta. Har ta shiga mota ba ta sauya ba.